Kaskon da Sallau Ya Ƙi Buɗewa

An yi wani mutum a wani gari, can baya, tun ana cin kasuwar ƙauye da ƙafa, sunansa Sallau. Masaƙi ne. Ba malami ba ne, ba mai sarauta ba ne, ko a sahun masallaci ba ka ganinsa sai can baya kusa da takalma. Ku gyara zama ku saurara, domin labarin nan akwai ƙazanta a cikinsa, kuma ba zan tsallake ta ba. Wanda ransa bai iya ɗaukar jin ta, ya tambayi kansa yadda zai yi ran da aka ce ya sa hannu.

Shi wannan bawan Allah yana auren wata mata, Lantana, 'yar farin Sarkin Maƙeran garin, wanda ake kira Barmo. Barmo ƙato ne, mai murya, mai zafin rai. In ya yi gyaran murya a ƙofar maƙera, mai zuga sai ya ƙara sauri. To kun san yadda ake tsakanin mutum da surukinsa a da, ba irin na yanzu ba da yaro zai miƙa wa uban matarsa hannu yana tsaye. In Sallau ya hango Barmo a hanya, sai ya tuɓe takalmi ya ratse gefe ya durƙusa, kansa a ƙasa, har ya wuce. Bai taɓa cin abinci a gabansa ba. Bai taɓa haɗa ido da shi ba. Ita ma Lantana, da yake 'yar fari ce, uban ko sunanta ba ya kamawa. Matar Barmo ta daɗe da rasuwa, 'ya'ya maza kuwa Allah bai bar masa ba. A gidan sai yayarsa, Gwaggo Yalwa, tsohuwa mai kaifin harshe wadda idonta ya soma yana. Ita ta goya shi yana ƙarami, shi ya sa duk garin ita kaɗai ke kiransa Barmo gatsau.

Wata rana da hantsi Barmo na maƙera, ya ɗaga masaba, sai masabar ta suɓuce, shi ma ya bi ta ƙasa. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, baki ya ɗan karkace. Aka kinkime shi aka kai ɗaki, aka kwantar da shi rigingine a gadon kara, aka ja masa gwado har ƙirji. Yadda aka ajiye shi haka ya zauna.

Gari ya yi abin da ya iya, wato dubiya. Safe da yamma ɗakin cike. Kowa ya zo sai ya durƙusa ya ce, "Sarki, ya jiki?" shi kuma ya ce da sauƙi, sai a shafa fatiha a tashi. Kwanukan tuwo da ƙwaryar fura suka cika gefen ɗaki. Amma a duk masu zuwan nan babu wanda ya ɗaga gwadon. Wa zai ɗaga? 'Yarsa ta fari? Yayarsa? A kwanakin farko wasu maƙera biyu da ya koya wa sana'a sun riƙa tallafa masa, sai rana ɗaya ya kore su da zagi, ya ce kada wanda ya ƙara taɓa shi. Kowa ya ce ai Sarki ne, haka halinsa yake, a bar shi ya huta.

Daga nan ya rage ci. Daga rage ci ya daina. Ruwa ma in an kai masa baki sai ya kau da kai. Gwaggo Yalwa ta ce ciwon ne ya toshe masa maƙogwaro. Da ɗakin ya soma wani irin wari, sai ta riƙa zuba turaren wuta tana cewa don baƙi ne. Mutane kuwa in sun fito sai su haɗa kai a zaure, ana maganar inda za a samo likkafani mai kyau.

Ku saurara nan. Sallau yana zuwa dubiya kamar kowa, amma ba ya wuce bakin ƙofa, kuma ba ya ɗaga kai. Masu shiga fuska suke kallo, fuskar kuwa ta iya cewa da sauƙi. Shi ƙasa yake kallo, don haka abin da ke ƙasa ya gani. Ya ga kiyashi sun ja layi sun shige ƙarƙashin gado. Ya ga ƙuda ba ya bin kwanon tuwo, gefen gwado yake bi. Rannan kuma Gwaggo tana tsiyaya wa wani baƙo ruwa daga tulu, sai ya ga hannun tsohon na hagu, mai lafiyar, wanda ke reto a gefen gado, yatsunsa sun buɗe sun rufe, sun buɗe sun rufe, har ƙarar ruwan ta ɗauke. Sallau ya koma gida abin na cinsa a rai. Ya zauna a masaƙa, zare sai tsinkewa yake. Ya ce a ransa, mutumin da ba ya son ruwa, hannunsa ba ya yin haka.

A garin da ke gaba akwai ɗakin shan magani, da wani malamin asibiti ana ce masa Malam Haladu, mutum mai barkwanci. Sallau ya tafi can, ya jira har layi ya ƙare, ya faɗa masa duk abin da ya gani. Malam Haladu ya tambaye shi ko shi ne ɗan mara lafiyar. Ya ce a'a, surukinsa ne. Malamin ya dube shi daga sama har ƙasa ya yi dariya, ya ce, "To malam, ka ɗauko babban kaya. Hau bencin nan ka kwanta, yau kai ne tsohon."

A jikinsa ya koya masa. Ya nuna masa yadda ake naɗe wa mutum hannu a ƙirji, a tanƙwara gwiwa, a kama kafaɗa da ƙugu a mirgino shi a hankali, ba a fizgi hannun da ya shanye ba. Ya ce jikin ɗan Adam ba a yi shi don ya kwanta wuri guda ba. Inda ƙashi ya danne nama, jini ba ya zuwa, wurin ya yi ja, ya yi baƙi, ya fashe ya zama gyambo, kuma gyambon kan kashe mutumin da ciwonsa na asali bai kashe ba. Don haka a yawaita juya shi, kada a bari ya daɗe a gefe ɗaya, a sa matashi tsakanin gwiwoyi, a ɗage dugadugai daga shimfiɗa. A wanke shi da ruwan ɗumi da sabulu, a tsane jiki da tsumma mai laushi, ba gurzawa ba. Shimfiɗa in ta jiƙe a canza nan take, kada a bar ko tattara a cikinta. Ya ce in za a ba shi abinci a tayar da shi zaune tukuna, a ba shi kaɗan-kaɗan ta gefen bakin da ke da lafiya, a jira ya haɗiye, don kada ya shaƙe. Ya ba shi auduga da bandeji, ya ce miki a wanke shi da ruwan da aka tafasa da ɗan gishiri aka bari ya huce, kuma shi Sallau ya wanke hannu da sabulu kafin ya taɓa da bayan ya taɓa, ko da ruwan gidan da tsada ake sayensa.

Har Sallau ya kai ƙofa, sai malamin ya kira shi ya dawo. Wannan karon bai yi dariya ba. Ya ce, "Wanda na bari a ƙarshe shi ne babba. Kada ka taɓa shi sai ka nemi izininsa. Duk abin da za ka yi, ka faɗa masa kafin ka yi. Inda ba ka wankewa, ka bar shi a rufe. Mutum ne, ba buhu ba." Ya ce in tsohon ya yarda, a aiko masa, zai zo ya duba da kansa.

Da Sallau ya gaya wa Lantana abin da ya yi niyya, sai ta fashe da kuka. Ta ce ita ma ta ji warin, ta san ba na turare ba ne, amma ƙafarta ba ta iya kai ta. Ta ce in ya shiga ɗakin nan mutanen gari za su cinye shi ɗanye. Ya ce ya sani, ta dai ɗora masa ruwa.

Bayan azahar, masu dubiya sun watse, Gwaggo ta kishingiɗa a rumfa, sai ya ɗauki buta da sabulu da tsummoki ya tsaya a ƙofar ɗakin. Ya yi sallama, aka amsa da ƙyar. Ya ɗaga asabari ya shiga, abin da bai taɓa yi ba tun da ya auri 'yar gidan. Ya durƙusa ya fuskanci bango. Gaisuwar da kowa ke yi ita ta fara zuwa masa, ya haɗiye ta.

Ya ce, "Baba, kana jin ƙishi?"

Tsohon ya ce, "Wa ya ba ka izinin shigowa nan?"

"Babu, Baba. In ka ce in fita, zan fita. Kana jin ƙishi?"

Sallau yana jin numfashin tsohon ya canza. Da maganar ta fito, ba muryar Sarkin Maƙera ba ce, wata 'yar murya ce a shaƙe.

"In na sha, ina zai tafi?"

Kun ji, jama'a? Maƙogwaronsa lafiya lau. Ashe ranar da ya kori maƙeran nan biyu, suna ɗaga shi ne abin ya kufce masa a gabansu, ya ga ɗaya ya kau da kai yana toshe hanci. Daga ranar ya yanke wa kansa hukunci: ba zai ci ba, ba zai sha ba, don kada wani abu ya fito. Mutum yana kashe kansa da ƙishi saboda kunya, gari guda na zaune a gabansa ana yi masa addu'ar samun sauƙi.

Sallau ya ce, "Inda zai tafi ni zan kwashe, Baba. Kuma ba sai mun ga juna ba. Zan juya ka ka fuskanci bango, ni ina bayanka. In lokacin juyawa ya yi, in zagaya in koma ɗaya bayan."

Tsohon ya ce sai dai in Sallau ya yi masa alkawari ba wanda zai ji abin da ya gani a ɗakin nan, ko 'yarsa, ko yayarsa, ko liman. Sallau ya ɗauki alkawari. Ya tallafo shi zaune ta baya, ya jingina shi da ƙirjinsa, ya kai masa moɗa baki. Tsohon ya kama moɗar da haƙora, sai da Sallau ya riƙa janyewa yana cewa a hankali, Baba, ruwan ba ya ƙarewa.

Abin da ya tarar a ƙarƙashin gwadon ba zan zayyana muku duka ba. Shimfiɗa ta manne da jiki. A gadon bayansa, daidai ƙugu, gyambo ya buɗe kamar tafin hannu, dugadugai sun yi baƙi. Sallau bai bari numfashinsa ya canza ba, domin ya san tsohon na saurarensa. Ya ce, Baba, zan wanke kafaɗa. Baba, zan sauko baya, ruwan da ɗumi. Baba, nan zai yi zafi, ka yi haƙuri. Haka ya bi shi gaɓa-gaɓa, inda ya gama ya rufe. Ya janyo gadon daga jikin bango zuwa tsakiyar ɗaki don ya samu hanyar zagayawa. Da ya gama, tsohon ya yi barcin da bai yi ba tun da ya faɗi.

Da yamma Barmo ya gaya wa yayarsa cewa mijin yarinyar nan zai riƙa shigowa, a bar shi, in ya shigo kuma a saki asabari kowa ya jira a waje. Gwaggo Yalwa ta riƙe baki. Ta ce, "Barmo, wane mijin? Masaƙin? Wanda in ya gan ka yake faɗawa cikin kwata?" Ya ce shi fa. Ta ce lallai ciwon ya hau kai.

Sallau ya ajiye saƙa sai ɗan abin da ba a rasa ba. Yana zuwa ya juya shi ya koma, ya dawo ya juya shi ya koma, har ya shimfiɗa tabarmarsa a zauren gidan don kada tafiya ta riƙa cin lokaci. Lantana na dama kunu da koko, shi yana bayarwa da ƙaramin ludayi. Tsohon ya soma ci. Muryarsa ta soma dawowa, har ya fara faɗa, yana cewa hannun masaƙa ba ƙarfi, in da maƙeri ne da ya juya shi da yatsa ɗaya. Sallau ya ce daga baya, ai shi ya sa ba a ba maƙera jinya, Baba, sai su ɗauka garma ce. Tsohon ya yi wani sauti, Sallau bai tabbatar ko tari ne ko dariya ba.

To ga inda jarrabawar take. Makewayin gidan yana jikin rumfar Gwaggo ne, inda mata ke zama. Saboda alkawarin da ya ɗauka, Sallau ba ya bi ta nan da kaskon da yake kwashe wa tsohon ƙazanta a ciki. Sai ya rufe shi da faifai ya naɗe da tsumma, ya fita ta bayan gida, ya je can bayan danga ya haƙa rami ya binne. Wata maƙwabciya ta gan shi. Kafin rana ta faɗi magana ta zagaye unguwa, cewa masaƙi yana binne abu a bayan gidan Sarkin Maƙera. Aka haɗa wannan da wancan. Mutumin da ya kori kowa yanzu sai surukinsa, ba ya cin abinci sai daga hannunsa, ana rufe ɗaki. Mene ne wannan in ba sammu ba? Babu wanda ya kawo gaskiyar a ransa, don a garin ba a taɓa jin suruki ya yi irin wannan aikin ba. In ma akwai wanda ya kawo, ya ga waccan maganar ta fi daɗin faɗa. Sallau ya je masallaci aka matsa masa a sahu, amma ba matsowa ba, matsawa. Masu kawo masa zare suka karɓe kayansu.

Gwaggo Yalwa ta tare Lantana ta ce daga yau a ɗakinta za ta kwana, ba za ta koma gidan mai binne-binne ba. Ta aika wa mai unguwa da liman. Washegari da hantsi suka zo, da dattawa, da maƙeran garin, suka zauna a tsakar gida. Sallau bai sani ba. Ya ɗaga asabari ya fito da kasko a hannu, sai ga jama'a.

Gwaggo ta ce, "Yauwa, ga shi nan Allah ya kama shi. Sannu malam mai haƙa. Ashe ba saƙa kaɗai ka iya ba."

Mai unguwa mutum ne mai sanyi. Ya ce wa Sallau magana ta yi yawa a kansa, kuma abin da zai kashe ta yana hannunsa. Ya ajiye ya buɗe kowa ya gani, in ba komai shi ke nan. In ya ƙi, to ba zai ƙara taka gidan nan ba, zancen aurensa kuma sai gaban alƙali.

Ku dubi inda bawan Allah ya tsaya. Ɗaga faifai kawai zai yi, sunansa ya wanku, matarsa ta dawo. Amma ga maƙera zaune, har da wanda ya toshe hancin nan. In ya buɗe, ya tona mutumin da ya gwammace ƙishi ya kashe shi a kan a ga wannan. In bai buɗe ba, za a kore shi, tsohon ya koma inda ya fito. Ya hango Lantana a ƙofar ɗakin Gwaggo tana yi masa alama da ido ya buɗe. Ya durƙusa a hankali, ya ajiye kaskon a gabansa, ya ɗora hannu a kan faifan.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, ba nawa ba ne. Ba ni da ikon buɗewa."

Aka hau salati. Mai unguwa ya ce to shi ya zaɓa. Sallau ya ce ya ji, zai tafi, amma yana roƙon abu ɗaya. Ya ce yanzu Baba yana kwance ta gefen hagu, a samu wanda zai mayar da shi dama kafin rana ta take, ya kama kafaɗa da ƙugu, kada ya ja hannun. Ya ce kuma a ba shi ruwa ko bai nema ba, don ba zai nema ba.

Yana rufe baki sai aka ji ƙarar ƙarfe daga ɗaki. Tsohon ne ya samu ludayi yana dukan kwanon sha da hannun hagu. Ya ce a naɗe asabarin nan. Aka naɗe. Yana kwance ya ba su baya, haka ya yi maganar, bango yake kallo.

Ya ce, "Yaya, abin da ke cikin kaskon nan daga cikina ya fito. Kashi ne da fitsari. Wanda yake so ya gani ya ɗauka ya kai, ya hutar da yaron nan."

Ya ci gaba, maganar na fita a karkace amma kowa na ji. Ya ce sun zo sun gaishe shi ya gode, amma bayansa ya ruɓe suna zaune a gabansa. Ya ce ba laifinsu ba ne su kaɗai, shi ya hana, girman kai ne ya kwantar da shi fiye da ciwon. Ya ce shi ya ɗaure bakin yaron nan da alkawari, kuma yanzu ya ji da kunnensa za a raba shi da matarsa a kan ƙazantar wani, bai buɗe ba. Ya ce, "Ni na kwance alkawarin. Liman, ka shigo ka ga bayana, ka faɗa musu."

Liman ya shiga, Sallau ya wanke hannu ya ɗaga masa bandejin. Gyambon ya daina wari, gefensa ya soma ja irin na sabon nama. Liman ya fito ya zauna, ya shafa gemu, ya ce shi ne ya fi kowa zuwa ɗakin nan, kuma shi ne ya fi kowa jin kunya yau. Maƙerin da ya toshe hanci kuwa, tashi ya yi ya ɗauki kaskon da hannu biyu, ya bi ta gaban rumfar mata da shi ya nufi makewayi.

Gwaggo Yalwa ba ta ce a yafe mata ba, irinsu ba sa cewa. Ta shiga ɗaki ta buɗe adaka, ta ɗauko zanenta mai laushi da take ajiya don biki, ta sa haƙori ta yage shi gida-gida, ta jefa wa Sallau a cinya. Ta ce tsummokan da yake goge mata ƙane da su ko jaki ba a goge wa da su. Ta juya ta ce wa Lantana me take tsaye tana yi, ta tattara kayanta ta koma ɗakin mijinta, gidan nan ba masauki ba ne.

Ran kasuwa Malam Haladu ya zo, ya gyara gyambon, ya ba da magani, ya tara maƙeran ya koya musu juyi a kan tabarma, ana ta dariya don wanda aka kwantar ya ƙi sakin jiki. Daga nan aka raba aikin, Sallau ya samu ya koma masaƙa. Gyambon ya ɗauki lokaci amma ya rufe. Barmo bai ƙara ɗaga masaba ba. Amma ya tashi zaune, ya dogara sanda, ya kai ga ana kai shi maƙera a jingina shi da bango yana yi wa masu ƙira faɗa. Ya ga jikoki, ya ga aurensu. Kuma a garin nan, tun daga lokacin, in mutum ya kwanta ba a tsayawa a gaisuwa. Sai an tambayi wa ke juya shi.

To jama'a, ba don ku yi dariyar tsohuwa na ba ku labarin nan ba. Kunya abu ce mai kyau, ni ma da ita aka rene ni, kuma ina son ta ga 'ya'yanku. Amma kunyar da za ta sa ka zauna uban wani na ruɓewa a gabanka, wannan ba kunya ba ce, gudun aiki ne aka sa masa rawani. Sallau bai yar da kunya ba. Ya shiga da ita ɗakin, ya yi aikin da ita, ya rufa wa mutum asiri har ya kusa rasa nasa gidan. Jinya ke nan: hannu mai tsabta, baki mai faɗin abin da za a yi, da cikin da ke riƙe abin da ido ya gani.

Ku da ke zaune nan, na san akwai mai tsoho a gida, akwai mai tsohuwa, akwai wanda ɗan'uwansa ke kwance a asibiti an bar wa ma'aikatan jinya shi kamar ba shi da kowa. Kuna kai lemo, kuna kai ayaba, kuna ɗaga hannu ku yi addu'a mai tsawo. Allah ya karɓa. Amma wa ya duba bayansa? Wa ya taɓa shimfiɗarsa ya ji ko a jiƙe take? Wa ya lura ya rage shan ruwa ya tambaye shi dalili, su biyu, ba a gaban baƙi ba? In ba ka iya ba, je ka wajen waɗanda aikinsu ke nan su koya maka, ba a haifi kowa da shi ba. Kai kuma mai lafiya yau, mai murya, ka sassauta wa na ƙasa da kai, domin ba ka san hannun da zai ɗaga maka gwado ba. In ranar ta zo, ka faɗi inda ke maka ciwo, kada ka ɗora wa mai jinyarka nauyin ciwonka da na girman kanka a haɗe.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya ƙarfafi masu jinyarsu, ya rufa mana asiri ranar da ba ma iya rufa wa kanmu. Yanzu za mu yi addu'ar tashi. Wanda ya san yana da mara lafiya a gida kada ya jira ta, mu za mu yi masa. Ya tashi ya je ya ɗora ruwa a wuta.